Sana'ar Ɗaukar Hoton Jarirai: Inda Ribar Take Da Inda Hatsarin Yake

Cikin sana'o'in da wayar hannu ta yi wa illa a ƙasar nan, da wuya a sami wadda ta ji jiki kamar sana'ar ɗaukar hoto. Tun daga shekarar 2001 da aka soma amfani da wayar salula gadan-gadan a Nijeriya, musamman kuma bayan da wayoyi masu kyamara suka cika kasuwa, mai hoton nan da aka saba gani yana zagaya gidajen biki da kyamara rataye a wuya, ya ɗauka yau ya kawo wanki jibi, ya ga cinikinsa yana zagwanyewa. Ko shi kansa kamfanin Kodak, wanda ya shafe shekaru fiye da 100 yana sayar wa duniya fim, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairu na 2012. Amma duk da wannan koma baya akwai wani reshe na sana'ar da ya tsira, har ma ya sami gindin zama a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Fatakwal, wato ɗaukar hoton jarirai sabbin haihuwa.

Dalilin tsirarsa ba ɓoyayye ba ne. Kowa yana iya ɗaga waya ya ɗauki jariri a kan gado. Ba kowa ne kuwa zai iya kwantar da ɗan kwana tara cikin kwando, ya jera masa yatsu ƙarƙashin kumatu, ya jira har fuskarsa ta saki, kana ya ɗauka ba tare da ya tashe shi ba. Abin da iyaye suke biya ke nan: iya kwantarwa. Kyamara kowa na iya saye a Computer Village da ke Ikeja ko a Banex da ke Abuja. Masu sayen aikin ma ba sa yankewa, domin bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ana haihuwar jarirai fiye da miliyan 7 kowace shekara a Nijeriya, ko da yake tilas a faɗi gaskiya, ƙalilan ne daga cikin iyayensu ke da sukunin biyan irin wannan aiki.

Matsalar zaunar da jariri gaban kyamara tsohuwa ce. A ƙarni na 19, lokacin da ɗaukar hoto ɗaya ke buƙatar mutum ya tsaya cik na tsawon daƙiƙoƙi, masu hoto a Ingila da Amurka sukan lulluɓe uwa da mayafi ta zama tamkar kujera, ta riƙe yaron ta bayan ƙyalle. A nan Afirka ta Yamma, Seydou Keïta da ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, da Solomon Alonge da ya buɗe nasa a birnin Benin a 1942, sun ɗauki iyalai da yawa, yaro a cinyar uwa ko a tsakiyar 'yan uwa. Salon da ake yayi a yau, na jariri shi kaɗai yana barci cikin wani abu, ya yaɗu ne daga aikin Anne Geddes, haifaffiyar ƙasar Ostareliya, wadda ta riƙa sa jarirai cikin tukwanen fure da ganyen kabeji. Littafinta na hotuna, Down in the Garden, ya fito a 1996 ya kuma yi kasuwa ƙwarai, haka ma kalandunta da katunan gaisuwa. Zuwan Instagram a 2010 shi ya ƙarasa kai salon kowane lungu.

To, daga nan ne wahalar ta faro. Salon ya zo da ƙa'idar lokacinsa: masu sana'ar a ƙasashen waje sun fi son jariri tsakanin kwana 5 zuwa 14 da haihuwa, saboda a wannan tsakani yana yawan barci mai nauyi, kuma jikinsa bai gama mance naɗewar da ya saba da ita a ciki ba. Bayan mako biyu ko uku yakan fara miƙe ƙafa, barcinsa ya yi sauƙi, ƙurajen fuska da ciwon ciki su kan kuma bayyana. A can, uwa ce ke ɗauko jaririn ta kai shago. A gidan Bahaushe kuwa, ko a Kano yake ko a Sabo ta Badun ko Agege ko Idi-Araba, waɗannan kwanaki su ne na barka da suna da wankan jego, kuma mai jego ba ta yawon gari sai ta yi arba'in. Idan haihuwar fari ce ma mai yiwuwa tana gidan iyayenta. Duk wanda ya kama shago mai tsada ya zauna jiran a kawo masa ɗan kwana bakwai daga irin waɗannan gidaje, zai daɗe yana jira. Aikin na mai zuwa gida ne, kuma mace ta fi namiji dama nesa ba kusa ba, domin ita ce ke shiga har ƙuryar ɗakin da aka rubuta wa namiji ba shiga.

Ranar suna kanta ba ranar wannan aiki ba ce. Gida a cike yake, an yi wa jariri aski, ana ta miƙa shi daga wannan hannu zuwa wancan, ga guɗa ga hayaƙin girki. Hoton taro ake yi a ranar. Kwana biyu ko uku bayan suna, da hantsi, bayan an yi masa wanka ya sha nono ya ƙoshi, shi ne lokacin da ya dace. Haka abin yake a gidajen Yarbawa masu raɗa suna wajen rana ta takwas, da na Ibo inda kakar jariri kan zo ta zauna jinyar mai jego. A ko'ina dai akwai wata dattijuwa a ɗakin, kuma mai hoton da ba ta fara gaishe ta ta bayyana mata abin da za ta yi ba, ba za ta gama aikin cikin daɗin rai ba.

Kwanciyar da masu sana'ar ke amfani da ita ba ta da yawa, sauye-sauyen kaya ne ke sa a ga kamar ta yi yawa. Mafi sauƙi kuma mafi aminci ita ce ta rigingine, jariri a naɗe cikin zane mai laushi, hannuwa a ƙirji, a ɗauka daga sama, igiyar kyamara kuma tana wuyan mai ɗauka don kada ta suɓuce. Sai ta gefe, kumatu a kan bayan hannu, ƙafa ɗaya a kan ɗaya. Sai ta rub da ciki, ƙafafu a naɗe ƙarƙashin jiki, fuska ta juyo gefe yadda hanci da baki suke a sarari. Ana yin waɗannan a kan babban matashi mai faɗi da aka shimfiɗa wa bargo, ana cusa ƙananan tawul ta ƙarƙashi don ɗaga kai ko kafaɗa. Gwanaye sukan tsara su bi da bi, yadda daga wannan kwanciya zuwa waccan ɗan juyi kaɗan ne, domin kowace ɗagawa tana iya tashin jariri, tashinsa kuwa asarar rabin sa'a ce. Haske kuma daga taga ya fi, ya zo ta wajen kai ya gangara zuwa ƙafa. Idan ya zo ta ƙasan haɓa sai fuskar ta yi wani irin ban tsoro. Filasha kai tsaye tana firgita shi, gara a karkata ta zuwa bango ko rufi.

Akwai kuma salo uku da suka fi jan ido a intanet, su ne kuma iyaye suka fi nunawa a waya su ce irin wannan muke so. Na farko shi ne zaman kwaɗo, inda ake ganin jariri zaune ya yi tagumi da hannu biyu. Na biyu shi ne wanda ake ganinsa rataye cikin ƙyalle a jikin reshe kamar lilo. Na uku shi ne a naɗe shi tsaf a tsayar da shi kamar buhu. Abin da yawancin masu kallo ba su sani ba shi ne, wurin masu aikin kirki, zaman kwaɗo da lilo ba hoto ɗaya ba ne. A zaman kwaɗo ana ɗauka sau biyu: sau ɗaya mataimakiya tana riƙe da kan jaririn ta sama, sau ɗaya tana tallafe da wuyan hannuwansa ta ƙasa, daga baya a haɗa biyun a kwamfuta da Photoshop a share hannunta. Na lilo kuwa jaririn yana kwance ne a kan matashi, ko an ɗaga shi ɗan taƙi kaɗan da hannu a ƙarƙashinsa, reshen da sararin duk haɗi ne. Ko na buhu ma hannu ba ya nisa da shi.

Dole ne a yi haka, domin kan jariri ya kai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsawon jikinsa, wuyansa kuma ba ya iya riƙe wannan nauyi sosai sai wajen wata huɗu. Idan haɓarsa ta faɗa kan ƙirji hanyar numfashi tana matsewa, kuma jaririn da numfashi ke yi wa wuya a wannan hali ba lallai ne ya yi kuka ba. Sana'ar nan kuwa kowa na iya shigarta da kyamara ɗaya ba tare da ya ci wata jarrabawa ba. Sabon shiga da ya ga hoto a waya ya ɗauka gwaninta ce ta daidaita jariri a sake shi, yana wasa ne da ran ɗan mutane, kuma ranar da aka sami akasi babu ribar da za ta biya. A ganinmu, ga mai neman abokan ciniki Hausawa, zaman kwaɗo bai ma cancanci wahalarsa ba. Tagumi a wurinmu alamar damuwa ce, yaro na yi babba zai cire masa hannu, to ina dalilin biyan kuɗi a rataya shi a bango?

Haka kuma ya kamata mai hoto ta faɗa wa uwa ƙarara cewa kwanciyar rub da ciki ta 'yan mintoci ce, ido na kai. A 1992 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar a daina kwantar da jarirai rub da ciki don barci, aka kuma yi gangami a kan haka daga 1994, mutuwar fuju'a ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Bai kamata hoto mai kyau ya koya wa uwa akasin haka ba. Yayin aiki kuma a riƙa duba leɓɓa da tafin hannu da tafin ƙafa, domin a nan ake saurin ganin sauyin launi a jikin jariri mai duhun fata. Kada a danna maɗiga, kada a matse cibiyar da ba ta warke ba. Jaririn da ke da zazzaɓi ko idonsa ya yi ruwan ɗorawa, asibiti yake buƙata. Ita ma mai hoto idan tana mura ko ƙurjin leɓe, ta ɗaga ranar.

Batun ɗumin ɗaki yana cikin abubuwan da ake kwafowa ba tare da tunani ba. A ƙasashen sanyi sai an hura ɗaki kafin a tuɓe jariri. A Ikko ko Fatakwal abin da ake buƙata shi ne a kashe na'urar sanyaya ɗaki, a kawar da fanka daga kansa, a kuma kula kada naɗi ya yi yawa har ya jiƙe da gumi. A Jos ko Abuja lokacin hunturu ne ake neman ɗumi, kuma ko a nan kaskon gawayi a rufaffen ɗaki haɗari ne, haka ma janareto kusa da taga, domin iskar da suke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

Ta fuskar jari, kayan ado ne ke cinye kuɗin sabon shiga. Barguna da huluna da ƙananan gadaje da ake gani a hotunan waje da dala ake sayensu, kuma tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, bayan janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na shekarar, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tsada. Alhali kuwa kasuwanninmu cike suke da abin da ya fi su kyau a ido: babbar ƙwarya, akushi, kwandon kaba, faifai, buzu, saƙi, adire na Abekuta, aso-oke na Iseyin, akwete na jihar Abiya. Keïta da zanen gado da atamfa ya yi bangon hotunansa, ga shi yau suna rataye a manyan gidajen tarihi na duniya. Sai dai kowane ɗaya da sharaɗinsa. Gindin ƙwarya ba ya zama, sai an ɗora ta a kan gammo an kuma sa mata nauyi a ciki. Kwando yana da tsinke, sai an yi masa shimfiɗa mai kauri. Rinin shuni yana zuba, kada ya taɓa fatar jariri sai da wani ƙyalle a tsakani. Abin gilashi ko tangaran kuwa ba a sa jariri a ciki ko kaɗan.

Akwai abubuwa biyu da littattafan koyon sana'ar na waje ba za su faɗa wa mai hoto ba. Na ɗaya, kafur. Sau da yawa uwa ko kaka za ta buɗe akwati ta fito da zane mai daraja ta ce a naɗe jariri da shi, alhali ya yi watanni cikin ƙwayoyin kafur. Likitocin yara a ƙasar nan sun daɗe suna gargaɗi cewa sinadarin da ke cikinsa yana fasa ƙwayoyin jinin jariran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari mai suna G6PD, wanda ya yawaita a tsakaninmu musamman ga maza, har ya jawo shawara mai tsanani da ke taɓa ƙwaƙwalwa. Irin wannan zane sai dai ya zama bango daga nesa, ko a bar shi. Na biyu, kwalli. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka sami dalma a jininsa, aka bi sawu har zuwa kwallin da aka kai daga Nijeriya, wanda gwaji ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mai hoto ba za ta hana iyaye al'adarsu ba, amma kada ita ce za ta ce a ƙara kwalli don ido ya fito.

Al'ada kuma tana buɗe ƙofar wasu salo da ba a kula da su. Iyaye da yawa ba sa son fuskar jaririnsu ta zaga duniya, don gudun baki ko don sirri kawai. Wasu gidajen ba sa rataya hoto a bango saboda fahimtarsu ta addini, amma suna karɓar albam. Uwar ɗan fari mai kunya ba za ta sumbaci ɗanta gaban kyamara da surukai ba. Tsiraicin jariri da ake yayi a waje ma ba ya karɓuwa, kuma bai dace a sa shi a intanet ba. Duk waɗannan suna da mafita da ke sayuwa: tafin ƙafa biyu cikin hannun uwa mai lalle, 'yan yatsu riƙe da yatsan uba, ƙeya da kunne a cikin goyo, jariri a cinyar kaka, ko yayarsa kwance kusa da shi da babba a gefe. Babu haɗari a cikinsu, ba sa cin lokaci, kuma su ne irin hoton da iyali ke nema bayan shekara ashirin. Yanzu ma da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke iya ɗora fuskar jariri a kan gajimare ko cikin fure da 'yan daƙiƙoƙi a wayar kowa, darajar hoton haɗi tana raguwa. Hannun kaka na gaske kuwa manhaja ba ta da shi.

Wajen gyara a kwamfuta, abin da ya fi yawan jawo saɓani shi ne launin fata. Jarirai masu duhun fata sukan zo duniya da haske, launinsu na ainihi ya bayyana cikin makonni. Share ɓawon fata da ƙurji ba laifi, amma ƙara wa jariri fari har danginsa su kasa gane shi aikin banza ne, ko da an roƙa.

Lissafin kuɗin aikin shi ne inda da yawa ke faɗuwa. Zama ɗaya yakan ci sa'a biyu zuwa huɗu, mafi yawansa shayarwa da lallashi da sauya ƙyallen da aka ɓata, gyaran hotuna kuma ya ci wasu sa'o'in. Wanda ya haɗa da cunkoson hanyar Ikko zai ga da wuya a yi gida biyu a rana. Ga ladan mataimakiya, wadda ba a yin aikin ba tare da ita ba, ga wankin kowane ƙyalle bayan kowane jariri, ga mota, ga wuta. Wanda ya sa farashi bisa yawan hotuna kamar na fasfo zai yi aikin kwana biyu a kuɗin sa'a guda. Tsarin da ya fi shi ne a yanka kuɗin zama daban, na albam da firam daban, domin a bugawa ne riba ta fi kauri. A karɓi kafin alƙalami tun ciki na wata bakwai ko takwas, a bar ranar a buɗe, saboda haihuwa ba ta bin kalanda, kuma wadda aka yi wa tiyata ko aka riƙe jaririnta a asibiti sai an jira ta.

Wanda ya rasa makonni biyun farko bai rasa ciniki ba. Jariri yakan fara murmushin gane mutane tsakanin mako 6 zuwa 8, wato daidai lokacin da mai jego ke gama arba'in ta fara fita yawon gaishe da dangi, ta yi kitso ta yi lalle. Hoton wannan lokaci na ido buɗe ne, a rigingine ko a kafaɗar uwa, ba a tilasta naɗewa. Wajen wata uku zuwa huɗu yana ɗaga kai idan an kifa shi. Wajen wata shida zuwa bakwai yana zama, a ƙasa a kan shimfiɗa, da mutum a bayansa, ba a kan tebur ko kujera ba. Sai kuma cikar shekara. Iyali ɗaya ke nan sun zama ciniki huɗu, ga ƙanne na tafe, ga kuma matan da suka ga albam ranar da suka zo gaisuwa.

Saura batun doka, wanda masu hoto suka fi sakaci da shi, domin tallarsu duka a kan nuna aikin da suka yi take. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta samun amincewar iyaye ko mai riƙo kafin a yi amfani da bayanan yaro, hoton da ake gane shi kuwa yana ciki. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 kuma ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don amfanin gidansa ikon hana a wallafa shi ko a nuna wa jama'a, sai fa in an yi wata yarjejeniya daban. Saboda haka kafin a ɗora hoton jariri a Instagram ko a manna shi a ƙofar shago, a sami takarda da hannun uba ko uwa, wadda ta fayyace ko an yarda a nuna fuska, ko ƙafa da hannu kawai, ko ba a yarda da komai ba. A cikin takardar a rubuta kuɗi, da adadin hotunan da za a gyara, da ranar kawowa, da kuma cewa mai hoto tana da ikon barin duk wata kwanciya da jariri ya ƙi. Sunan jariri da ranar haihuwarsa da unguwarsu kuwa, ko an yarda a nuna hoton, a bar su a cikin albam.